Shekarar Gwangwanin Mamman

Bana ruwa ya sauka sau ɗaya a farkon damina, mai ƙarfi, har ya cika kwatocin unguwarmu ta Ladjifarani ya shiga zauren maƙwabtanmu, sannan ya ɗauke ƙafa. Tun daga ranar ba mu sake ganinsa ba. Da hantsi hadari yakan haɗu ta gabas, mata su kwashe shanya, masu babur su fara neman rumfa, kafin la'asar iska ta watsa shi, a koma cikin zufa.

Aikina auna danshin ƙasa ne. Ina cikin masu binciken yanayi da noma a wata cibiya a nan Parakou. Muna binne wasu 'yan ƙarafa a gonakin mutane, wasu kusa da sama, wasu can ƙasa inda saiwa take kaiwa, su riƙa aiko mana da labarin ruwan da ya rage. Mu kuma mu haɗa shi da na zafi da iska da ruwan shekarun baya, mu ba ordinata, wato kwamfuta, ta yi mana lissafin abin da ake jin zai faru. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta ba mu kunya. Bana abin da ta faɗa shi ake gani: ruwan farko na yaudara ne, kada a yi saurin shuka. Mun faɗa a rediyo da Dendi da Yom da Hausa. Waɗanda suka ji sun jira. Waɗanda ba su ji ba, ko suka ji amma zuciya ta kasa haƙuri, irinsu yana cikin ƙasa yana ƙonewa.

Makon jiya muka je wani ƙauye bayan Djougou don mu binne sababbin ƙarafa. Ina durƙushe ina tona rami, ƙasar tana fitowa da ɗumi kamar tokar murhu, sai wata tsohuwa da ta daɗe tana kallonmu daga gindin kaɗanya ta matso. Ta ce da ni, “'Yata, wannan ƙarfen naku ba zai shanye mana ɗan abin da ya rage ba?” Abokan aikina suka yi dariya, ita ma ta taya su. Ni dariyar ba ta zo mini ba. Na miƙa mata ƙarfen ta juya shi a hannunta, na ce in ranta bai kwanta ba za mu ɗauke kayanmu mu tafi. Ta ce mu binne. A hanyar dawowa motarmu ta bi ta mararrabar Sérou, na ga jar hanyar nan ta marmara ta shige cikin gonaki, sai wata damina ta dawo mini gaba ɗaya, wadda na yi ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, ban kai budurwa ba.

Mu 'yan Djougou ne, jikokin fatake. Kakan babana madugu ne, yana jan ayarin goro, kuma har yau akwai masu kiran gidanmu gidan madugu. Amma kafin abin ya zo kan babana, Mamman Sani, manyan motoci sun karɓe hanya, gida ya cika da mutane, sana'a ta ƙare. Baba ya gwada tebur a kasuwa, ya gwada dillanci, bai ga haske ba. A kasuwar ne ya saba da Baba Zakari, wani manomi daga Sérou, mutumin Yom, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda yake ajiye doyarsa a rumfar Baba ranar kasuwa. Shi ya ce masa ya zo ya gwada noma. Ya ba shi aron gona a bakin hanya, da filin da zai yi ɗaki. A can ba a sayar da ƙasa. Aro ake ba ka, kai kuma in kaka ta yi ka kai damin dawa ƙofar mai ita, don kowa ya san ba ka manta ba.

Muka koma Sérou mu uku, ni da Baba da Inna, don ni kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'yansu. Baba Zakari ne ya koya wa Baba tada kunyar doya, da yadda ake ɗora mata hular ciyawa don kada rana ta dafa irin. Da Dendi suke hira. Yana kiran Baba ɗan madugu, yana cewa hannunsa na ɓare goro ne ba na fartanya ba, Baba kuma yana kiransa sarkin noma. Tare suke fita gona, tare suke dawowa. Baba ba ya fita ba goro a aljihu, kuma rabin kowane ɗaya na Baba Zakari ne.

Da bazarar shekarar da nake faɗa wani mutum ya zo a kan babur, ɗan kudu, sanye da malafa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sunansa Mushe Faskal, wato Malam Faskal da Faransanci, daga Parakou aka turo shi. Ya ce suna binciken ruwan sama, suna so su san yadda yake sauka a kowane yanki, don shekarun sun fara canjawa kuma ba a gane dalili ba. Yana neman fili marar itace a kusa inda zai kafa wani abin auna ruwa, da wanda zai iya karanta lamba. Gonarmu a buɗe take, ni kuma ina lakwal. Baba ya ce gonar ba tasa ba ce, sai an tambayi mai ita. Aka kira Baba Zakari. Ya zagaya abin, ya leƙa cikinsa, ya tambaya ko yana cin wani abu. Aka ce ba ya ci. Ya ce to, a kafa.

Ba wani abu ba ne: turken ƙarfe, a kansa gwangwani mai baki kamar mazurari, a ciki kwalba siririya mai zanen lambobi. Mushe Faskal yana kiransa pluviomètre. Mutanen gari suka ce gwangwanin Mamman, sunan ya bi shi. Aikina in je da sassafe in duba inda ruwa ya tsaya a kwalbar, in rubuta, in zubar. Ranar da ba ruwa ma in rubuta babu. Da Mushe Faskal zai tafi ya riƙe hannun Baba ya roƙe shi kada a matsar da abin har ƙarshen damina. Baba ya ce, “Na karɓi amana.” Ba mutum ne mai yawan alkawari ba, shi ya sa in ya yi ɗaya yake riƙe shi gam.

Ruwan farko ya zo da wuri, da la'asar. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi suka fara kuka. Washegari na tarar da kwalbata ta kusa cika, na dawo gida da gudu. Aka yi gayyar shuka. Ranar ta gonarmu maza suka jeru da sungumi suna sara, mata da yara muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige, wani tsoho yana kaɗa musu ganga. Inna ta tuƙa tuwon dawa a babbar tukunya da miyar kuka mai daddawa, matar Baba Zakari ta kawo wake. Ba a jima ba masara ta huda ƙasa, dawa ta biyo, gona ta yi kore shar.

Daga nan sai shiru.

Da farko ba wanda ya damu, an saba ruwa ya huta. Amma hutun ya yi tsawo. Rana takan fito fara tun da sassafe, ta hau kai kafin a gama karyawa. Ganyen masara ya fara naɗewa da tsakar rana ya buɗe da yamma, daga baya ya daina buɗewa. In ka taka tsakanin kunyoyi sai ka ji ƙuna ta cikin takalmi. Baba yakan durƙusa ya tura hannu cikin kunyar doya har gwiwar hannu, ya ciro ƙasa ya dunƙule. In ta kama jikinta ya ce da sauran rai. In ta watse ya karkaɗe hannu ya miƙe. Ni kuma kullum safiya ina rubuta babu.

Aka samu ɗan yayyafi, mutane suka ruga suka sake shuka. Saman ƙasa kawai ya jiƙa, iri ya kumbura ya tsage ya mutu. Shuka ta uku da hatsin ci aka yi ta. Na tuna Inna tsaye a bakin rumbu, ƙwarya a hannu, ita da Baba suna kallon juna a kan ko wannan dawar ciki za ta shiga ko ƙasa. Ƙasa ta shiga, kuma ba ta fito ba.

Sai tsarin gida ya canja. Tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Da safe kunu ruwa-ruwa, wanda kake hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Gari na wayewa mukan fita da Inna tsintar 'ya'yan kaɗanya, mu ci naman a nan gindin itacen, mu kawo ƙwallon gida. Garin ɗorawa mukan dama mu sha, ya bar mana baki rawaya da ciki mai ƙugi. Tafasa, rama, har ganyen da a da awaki muke bar wa, duk sun shiga tukunya. Inna takan ce ta ci a madafa, ni kuma in yarda, don ina so in yarda. Rijiyar gari ta ja baya har guga ya riƙa dawowa da laka. Mata suka koma tonon yashi a busasshen rafi, a zauna a jira ruwa ya tsattsafo, a kwashe da ludayi, ja kamar kunun kanwa, a kawo gida a bari ya kwanta.

An yi sallar roƙon ruwa a Djougou, Baba ya tafi a ƙasa ya dawo a ƙasa, rigarsa a juye. Dattawan Yom su ma suka shiga kurminsu suka yi nasu. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne hadari yana zuwa. Za ka gan shi baƙi ƙirin, ka ji sanyin iskarsa a fuska, ka ji tsawa, sai ya rabu biyu a kan garinmu ya je ya zuba a wani wuri. Masu dawowa daga kasuwa su ce a ƙauyen gaba har kwari ya kawo. Yanzu na san haka ruwan yankinmu yake a shekarar fari, ya jiƙa wata gona ya tsallake ta kusa da ita, na sha ganinsa a hotunan tauraron ɗan'adam. A lokacin ba wanda ya ga hoto. Abin da aka gani shi ne akwai wani abu mai buɗaɗɗen baki yana kallon sama a gonar baƙo, kuma ruwa yana tsallake Sérou.

A rafi maganar ta fara. Inna ta lura in ta ajiye tulunta sai na kusa su matsar da nasu. Wasu suka ce gwangwanin ya ɗanɗana ruwan farko ne ya riƙe sauran. Wasu suka ce 'yan kudu ne suke auna ruwanmu don su ja shi zuwa garinsu. A lakwal yara suka daina zama benci ɗaya da ni. Ba mugayen mutane ba ne. Su suka yi mana gayya, su suka ɗora mana jinka. Yunwa ce da tsoro, kuma abin yana tsaye a bakin hanya inda kowa yake ganinsa.

Sai jikan Baba Zakari ya rasu, yaron da bai daɗe da fara tafiya ba, gudawa ta ruwan rafi ta ɗauke shi. Ba shi ne na farko a garin ba. Da Baba aka yi haƙa, ƙasar ta yi tauri har sai da aka sa diga. Bayan an share makoki Baba Zakari ya same mu a gona da safe, ina tsaye wajen turken. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Baba ya ɓare goro ya miƙa masa, ya karɓa ya riƙe bai ci ba.

“Mamman,” in ji shi, “ni ban ce shi ne ba. Amma mutanena suna binne 'ya'ya, kuma ni suke kallo, don ni na ce a kafa. Ka cire shi ka sa a ɗaki har kaka.”

Baba ya ce ruwa na Allah ne, gwangwani ba ya hana shi ba ya kawo shi, kuma shi Zakari ya sani.

“Na sani. Ka cire duk da haka.”

“In na cire, na amsa ke nan cewa ni na kashe yaron. Kuma amana ce a hannuna. Ka bari in aika wa mai shi, ya zo ya cire da kansa.”

Baba Zakari ya dubi busasshiyar masara. Sannan ya ce, “Amanar wanda ya zo rana ɗaya a kan babur. To tawa fa?”

Baba Zakari ya ajiye goron a kan kunya ya tafi.

Da muka koma gida Inna ta roƙe shi, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce Malam, mu baƙi ne, ƙasar mutane muke takawa. Ya ce ya ji. Ya ba wani direba saƙo zuwa Parakou, ya ce a jira amsa. Amsa ba ta zo ba, ashe Mushe Faskal yana can wani yanki yana zagayen sauran gwangwanayensa. Har yau in na zauna ina juya maganar, wani lokaci in ba Baba gaskiya, wani lokaci in ba Baba Zakari, ban taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Da rana tsaka suka zo, samari, ba su ɓoye fuska ba. Muna gona muna tuge matacciyar masara don awaki. Ba su yi mana magana ba, ba su taɓa mu ba. Suka girgiza turken har ya saki, suka kwantar da shi, ɗaya ya ɗauki dutse ya lotsa gwangwanin. Wanda ya fasa kwalbar ɗan Baba Zakari ne, uban yaron da ya rasu. Yana dukanta yana kuka. Baba ya dogara da fartanya yana kallo. Da na yunƙura sai ya dafa kafaɗata. Bayan sun tafi ya ce in tsince gilasan kada su yanki wani.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila mun zauna a Sérou har tsufan Baba. Amma kafin ranar kasuwa ta zagayo ruwa ya sauka.

Iska ta fara kwantar da ciyawa, gari ya yi duhu da azahar, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito tsakiyar hanya, tsofaffi da yara, suna ɗaga fuska suna buɗe baki, mata suna guɗa. Mu muna cikin ɗaki. Inna ta fita ta jera tukwane da tuluna a bakin jinka, ta dawo a jiƙe ta zauna, ba ta ko matse zani ba. Baba yana bakin ƙofa. Ya yi hamdala, ya sake yi, sannan ya ce a hankali, “Shi ke nan. Zakari ba shi da abin faɗa musu kuma.”

Daga baya, da na shiga aikin nan, na gane ruwan ranar ba na Sérou kaɗai ba ne. Damina ce ta makara a yankin gaba ɗaya, iskar teku mai kawo ta ta daɗe ba ta hauro arewa da ƙarfi ba, da ta hauro kuma ta jiƙa garuruwan da ba su taɓa ganin gwangwani ba. Na san wannan sarai, ina iya zana shi a allo. Waɗanda ya kamata in faɗa wa ne ba su nan.

Ruwan ya zo a makare. Masara ta riga ta tafi, dawa ta yi ɗan abin da za ta iya, doya ta fito ƙanana kamar dunƙulen hannu. Dattawa suka zauna. Wata safiya Baba Zakari ya zo ƙofarmu da biyu daga cikinsu, ya yi magana da Yom, wani yana juya wa Baba da Dendi, shi da kullum Dendinsa ya fi na Baba gudu. Ya ce in an gama kaka gona za ta koma hannun masu ita. Idonsa yana kan ƙafarsa har ya gama. Baba ya ce ya gode da aron shekarun da aka ba shi. Da muka yi girbi ya zaɓi dami mafi kyau cikin 'yan waɗanda muka samu, ya ɗauka a kai ya kai ƙofarsa kamar kowace shekara. Matarsa ce ta fito ta karɓa.

Mushe Faskal ya iso bayan an gama komai. Ya tsaya a kan ramin turken, ya cire malafarsa, ya yi ta ba Baba haƙuri da Faransanci da guntuwar Dendi. Baba ya ce ba laifinsa. Mushe Faskal ne daga baya ya tsaya mini na ci gaba da karatu, kuma ta hannunsa na shiga wannan aiki.

Baba ya ƙi komawa gidan madugu hannu wofi. Muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Parakou, da tabarmi da tukwane da akuya ɗaya. Wani mutumin Maraɗi mai motoci ya ba mu ɗaki a unguwar Gare, bayan tashar manyan motoci, inda ƙarar jirgin ƙasa da warin gas ba sa barin mutum. Baba ya shiga dako, ana sauke kaya daga jirgin Cotonou ana loda wa motocin Nijar. Inna ta kafa kaskon ƙosai don direbobi. Ba mu ƙara yunwa irin ta Sérou ba, wannan gaskiya ne. Amma Baba ba yaro ba ne, kuma farin ya riga ya cinye jikinsa. Buhunan siminti suka sa masa tari.

Daminar da ta biyo baya ta yi kyau. Ruwa yana zuwa a kan kari, ya jiƙa ya bar rana ta fito. Baba, da ya daina iya fita, yakan sa a jingina shi a bakin ƙofa yana kallon ruwa na gudu a kwata da baƙin mai a samansa. Yakan ce yanzu doya ta kama sanda, ko yanzu dawa ta kai gwiwa. Sunan Baba Zakari bai fito daga bakinsa ba, amma in ya ɓare goro rabi yake ci, ya bar rabin a kan tabarma har ya bushe. Ya rasu cikin marka. 'Yan dako ne suka ɗauke shi.

A ƙarshen kaka, bayan Inna ta fita takaba, na dawo daga lakwal na ga wani dogon tsoho tsaye wajen kaskon ƙosai, jar ƙura har gira, buhu biyu a gabansa. Baba Zakari ne. Ya yi ta yawo a Gare yana tambayar Mamman ɗan madugu, ba wanda ya san wannan sunan, sai da wani ɗan dako ya gane wanda yake nufi ya kawo shi. Shi ɗan dakon bai faɗa masa ba, ya bar wa Inna.

Inna ta sauke kasko, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ya sha, ya tambayi lafiya, ya tambaya ina Mamman ya shiga. Ta faɗa masa. Ya ajiye kofin a hankali. Jirgi ya zo ya wuce da ƙararsa.

Bayan ya wuce sai Baba Zakari ya ce tun farkon damina yake bin dattawa, ɗaya bayan ɗaya, har sun yarda. Ya zo ne ya ce wa Mamman ya dawo gonarsa. Ya nuna buhunan. “Tasa ce,” in ji shi. “Irin da ya bari a rumfar gona. Ni dai na binne masa, na nome. Ban ci ko ɗaya ba.”

Inna ta ce Allah ya saka da alheri. Ya ce ko ita da yarinya za su koma, gona tana nan. Ta ce mai noman ya tafi.

Ya roƙa a nuna masa kabarin, ni na raka shi. Marka ta baje kaburburan layin gaba ɗaya, ciyawa ta rufe su, na yi ta dube-dube na kasa cewa ga na Baba. Na nuna masa wajen da nake zato, na ce tsakanin nan ne da can. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Bayan ya shafa sai ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, yana ba da labarin gona: kunyoyin da suka fi bayarwa, inda ruwa ya kwanta, inda gara ta ci. Na ja baya na ba su wuri. Ranar ya koma, bai yarda ya kwana ba. Ban sake ganinsa ba.

Inna ta kwance buhunan. Doya ce manya, da jar ƙasar Sérou a jikinsu. Ta fere, ta dafa, ta daka sakwara, ta ce in kai wa 'yan dakon da suka ɗauki Baba, sauran muka ci kwana da kwanaki. Amma duk wadda za ta fere sai ta yanke kan ta ajiye gefe, yadda ake yi in za a tara iri. Na ce Inna, ina za mu shuka? Ta ce in bar su.

Ta jera su ƙarƙashin gado. Da bazara ta yi, gari ya fara nauyi da zafin da ke gaban ruwa, sai suka yi toho a cikin duhu, farare sirara, suna miƙowa ta gefen gado wajen hasken ƙofa. Inna tana share ɗakin kullum, tana zagaye su da tsintsiya. Haka suka yi ta tsawo, ba ƙasa, har suka shanye kawunan da suka fito daga ciki, suka yanƙwane. Sai a lokacin ta kwashe su a zaninta ta fita da su, kuma ba ta faɗa mini inda ta kai su ba.